Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasin Alƙalan Wasa Daga Seattle Zuwa Talata Mafara

Duk wanda ya saba zuwa kallon gasar unguwanni a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san wani ɗan tsaiko da kan auku bayan sallar La'asar. 'Yan wasa sun gama motsa jini, masu rake da ruwan leda sun baje hajarsu, yara sun ɗare katangar makaranta, amma ba a take leda ba. Can gefe ana ta ƙus-ƙus tsakanin masu shirya gasa da alƙalin wasa. Yana bin su kuɗin wasannin da ya busa a baya, kuma ya ce yau usur ba zai shiga bakinsa ba sai ya ga haƙƙinsa. Rana tana yin ƙasa. Daga bisani sai wani ya tuna cewa a cikin 'yan kallo akwai tsohon ɗan wasa da ake cewa ya san doka. A miƙa masa usur, a aro masa agogo, a fara wasa.

Sau da yawa akan tashi lafiya. Amma ranar da aka zura ƙwallon da ake taƙaddama a kanta ana dab da tashi, babu mai tsayawa tantance ko satar gida aka yi ko ba a yi ba. Abin da bakuna za su fara tambaya shi ne ɗan wace unguwa ne wannan alƙalin, wa ya kawo shi, kuma wa zai sallame shi bayan wasa. Daga nan sai jifa, sai a watse, sai gasar da aka kwashe wata biyu ana yi ta ƙare a ofishin 'yan sanda ko a zauren hakimi.

Ana iya ɗaukar wannan a matsayin matsalar ƙananan garuruwa da rashin kuɗi. Tarihin manyan gasannin duniya ya nuna akasin haka. Gasar da ta fi kowace arziki a doron ƙasa ta taɓa yin daidai abin da masu shirya kofin unguwa ke yi, kuma ta kwashi kashinta a hannu a gaban miliyoyin masu kallo. Darasin da ke ciki ya shafi ƙwallon ƙafar Najeriya kai tsaye, ya kuma wuce filin wasa ya isa aji da asibiti.

Makonni uku da suka kunyata NFL

A watan Yunin 2012, hukumar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wato NFL, ta garƙame wa alƙalanta 121 ƙofa. Wannan ya bambanta da yajin aiki. A yajin aiki ma'aikata ne ke janye hannunsu. A nan kuwa ubangida ne ya hana su aiki domin ya tilasta musu karɓar sharuɗɗansa. Babban abin da ya haɗa su shi ne fansho: hukumar tana son ta soke tsarin da ke ba alƙali tabbacin adadin kuɗin da zai riƙa karɓa bayan ritaya, ta maye gurbinsa da asusun ajiya wanda ribarsa ta dogara da yadda kasuwa ta kaya. A lokacin gasar tana samun kimanin dala biliyan 9 a shekara, saboda haka abin da ake jayayya a kai bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin shigarta.

Shugaban hukumar, Roger Goodell, da masu ƙungiyoyi sun yi lissafin cewa babu mai sayen tikiti don ya kalli alƙali. Sai suka ɗebo 'yan cike gurbi daga gasannin ƙananan kwalejoji da makarantun sakandare. Tun makon farko aka fara ganin ɓaraka: jinkiri wajen yanke hukunci, ruɗewa wajen ajiye ƙwallo, da 'yan wasan da suka gane cewa za su iya yin abin da suka ga dama. An ma cire wani daga cikinsu sa'o'i kaɗan kafin wasan New Orleans Saints, bayan an ga hotunansa a Facebook sanye da kayan ƙungiyar.

Asiri ya gama tonuwa a daren Litinin, 24 ga Satumba, 2012, a birnin Seattle. A jifan ƙarshe na wasa, Golden Tate na Seattle Seahawks da M.D. Jennings na Green Bay Packers suka yi tsalle suka rungumi ƙwallo tare. Alƙalai biyu suna tsaye kusa da juna, ɗaya ya ɗaga hannu yana nuna an ci, ɗayan ya yi wata alama daban. Aka ba Seattle nasara da maki 14 da 12. Washegari hukumar da kanta ta amsa cewa Tate ya ture abokin karawarsa kafin ya kama ƙwallon, laifin da ya kamata ya kawo ƙarshen wasan Green Bay na kan gaba. Shugaba Barack Obama ya sa baki. Gwamnan jihar Wisconsin, Scott Walker, wanda ya yi suna wajen karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago, shi ma ya nemi a dawo da alƙalan asali, domin wannan karon ƙungiyar jiharsa aka cuta.

Kwana biyu bayan wannan dare aka cimma yarjejeniyar shekara 8. Matsakaicin albashin alƙali zai tashi daga dala 149,000 a 2011 zuwa dala 205,000 a 2019, kuma tsohon tsarin fansho zai ci gaba na wasu shekaru ga waɗanda ke kan aiki. Ranar 27 ga Satumba, da alƙalan suka shigo fili a Baltimore, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna yi musu tafi. Mutanen da aka saba yi wa ihu da zagi sai ga shi ana tarbarsu kamar angwaye.

Ba a Amurka kaɗai ba, kuma ba kuɗi kaɗai ba

A Sikotlan, alƙalan ƙwallon ƙafa sun ƙaurace wa wasannin 27 da 28 ga Nuwamba, 2010, kuma ba ƙarin kuɗi suka nema ba. Rikicin ya samo asali ne daga wasan Dundee United da Celtic, inda alƙali Dougie McDonald ya ba da fenareti sannan ya soke, daga baya kuma aka gano bai faɗi gaskiyar yadda aka yanke shawarar ba. Zargi ya game dukkan alƙalai, ana ta tuhumar amanarsu, wasu na samun barazana. Suka ce ya isa. Hukumar ƙwallon ƙasar ta shiga neman na aro a ƙasashen waje. Isra'ila da Malta da Luksambok suka aiko, Folan ta janye, alƙalan Fotugal kuma suka juya gida, saboda haka aka ɗage wasanni da dama.

A farkon 2024 gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, MLS, ta buɗe kakarta da alƙalan aro bayan 'yan ƙungiyar alƙalai sun yi fatali da tayin yarjejeniya da ƙuri'u sama da kashi 95 cikin 100. Tarihi ya maimaita kansa: an sauya wanda aka shirya zai busa wasan Inter Miami, ƙungiyar Lionel Messi, da Orlando City, bayan hotunansa sun bayyana sanye da rigar Miami. Sai a ƙarshen Maris aka sasanta.

Turkiyya kuwa ta nuna inda hanyar ke kaiwa idan amana ta ƙare gaba ɗaya. Ranar 11 ga Disamba, 2023, shugaban ƙungiyar Ankaragücü, Faruk Koca, ya shiga fili ya naushi alƙali Halil Umut Meler a fuska, aka dakatar da dukkan gasannin ƙasar har tsawon mako guda. Zuwa Fabrairun 2025, an kai matsayin da sai da aka ɗauko Slavko Vinčić daga Silobeniya ya busa wasan Galatasaray da Fenerbahçe, domin ɓangarorin biyu sun daina yarda da 'yan ƙasarsu.

Me alƙalin wasa yake sayarwa?

Kuskuren da masu gasa ke yi iri ɗaya ne a ko'ina. Suna ɗauka cewa aikin alƙali shi ne sanin doka, doka kuma a rubuce take, dokoki 17 ne kacal a ƙwallon ƙafa, kowa zai iya haddacewa cikin mako guda. Sai dai haddar doka ita ce mafi sauƙin ɓangaren aikin. Abu mai wuya shi ne ganin laifi cikin ƙiftawar ido alhali ana gudu, da sanin inda za a tsaya kafin ƙwallo ta iso, da gane ɗan wasan da ke neman tada husuma tun kafin ya tada ta. Wannan ƙwarewa shekaru ke gina ta, kuma ba a ganinta sai ranar da babu ita.

Akwai kuma abin da ya fi ƙwarewa tsada. Wasa ba ya ƙarewa da busar usur. Yana ƙarewa ne lokacin da wanda aka ci ya haƙura ya tafi gida. Abin da ke sa shi haƙura shi ne imanin cewa ko da alƙali ya yi kuskure, kuskure ne na ɗan Adam, ba ciniki ba. Alƙalan asali na NFL su ma suna kuskure duk mako. Bambancin shi ne jama'a sun san yadda aka horar da su, da wanda ke auna aikinsu, da abin da za su rasa idan suka ci amana. Ɗan cike gurbi ba shi da wannan tarihi. Ya zo ne domin ubangida yana cikin matsi, zai tafi da zarar an sasanta, ba shi da gobe a aikin da zai ji tsoron ɓatawa. Ko hukuncinsa ya yi daidai, ba shi da jarin amanar da zai sa a karɓa.

Saboda haka ƙungiyar alƙalai, duk da aibinta, tana yi wa gasa wata hidima da masu gasar ba su cika lura da ita ba. Alƙalin da ke da kwantiragi, da albashi tabbatacce, da ƙungiyar da za ta tsaya masa, shi ne zai iya ba da fenareti a kan masu gida a gaban dubban magoya bayansu. Wanda bai san ko za a sake kiransa mako mai zuwa ba, dole ya riƙa waiwayen mai kiran. Ingila ta fahimci haka tun 2001, lokacin da ta mayar da alƙalan gasar Firimiya cikakkun ma'aikata.

Najeriya: ƙofar da ba a garƙame ba, aljihun da ba a cika ba

A Najeriya ba a cika ganin an kulle wa alƙalai ƙofa ba, domin tun farko ba a ɗauke su ma'aikata ba. Akasarinsu malaman makaranta ne, ko ma'aikatan gwamnati, ko masu kayan sarki, waɗanda ke busa wasa a ƙarshen mako a kan alawus. An daɗe ana tafiya a kan al'adar da ƙungiyar da ke karɓar baƙuncin wasa ita ce ke kula da masaukin alƙalai da sallamarsu, musamman a ƙananan gasanni. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan tsari: idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ba mamaki gasar ƙasar ta yi ƙaurin suna a kan cewa cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske.

An yi yunƙurin gyara ta hanyar mayar da biyan alawus hannun kamfanin da ke tafiyar da gasar, LMC. Amma a shekarunsa na ƙarshe bashin alƙalai ya riƙa tsallakawa daga kaka zuwa kaka. A 2022 ma'aikatar wasanni a ƙarƙashin Sunday Dare ta janye amincewarta da kamfanin, aka kafa kwamitin riƙo da Gbenga Elegbeleye ya jagoranta. Alƙalin da ya ci bashin kuɗin mota daga Gusau zuwa Aba, ya kwana a hanya, ya dawo bai karɓi ko kwabo ba, an riga an buɗe masa ƙofar jarraba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sakamakon a bayyane yake. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, abin da ya sa duniya ta yi wa Najeriya dariya, aka kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada. Mutanen Zamfara ma ba su manta da surutun da ya biyo bayan ci 9 da nema da Zamfara United ta yi wa Kaduna United a ranar ƙarshe ta kakar 2009 ba. A 2018 binciken ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya nuna alƙalai daga ƙasashen Afirka da dama suna karɓar na goro a gaban kyamara. Har yau babu ɗan Najeriya da ya taɓa busa wasa a tsakiyar fili a gasar cin kofin duniya ta maza, kuma a gasar Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024 babu alƙalin Najeriya ko ɗaya, alhali Super Eagles ta kai wasan ƙarshe.

Da zarar 'yan kallo sun yanke cewa kowane alƙali na sayarwa ne, sai su ɗauki doka a hannunsu. Kano Pillars, zakarar gasa sau huɗu, ta rasa maki saboda tarzoma a 2022, ta kuma faɗa ƙaramar gasa a ƙarshen kakar tare da Katsina United. A Oktoban 2025 an sake kai wa alƙalai hari a filin wasa na Sani Abacha bayan an tashi kunnen doki da Shooting Stars, aka kwashe wa Pillars maki 3, aka ci ta tara, aka kore ta zuwa Katsina. Hukuncin ya dace. Sai dai hukunci yana zuwa ne bayan jini ya zuba, tushen cutar kuwa yana nan.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu cewa ƙungiyoyin ma'aikata kan zama mafakar ragwaye. A rikicin 2012, NFL ta nemi ikon ajiye alƙalan da aikinsu ya yi rauni, kuma wannan buƙata ce mai ma'ana. A Najeriya akwai alƙalan da ko an biya su ninki goma za su miƙa hannu. Haka nan yajin aiki ba ubangida kaɗai yake cuta ba. Idan aka fasa wasa, ɗan wasan da ke jiran alawus ɗin nasara, da mai sayar da tsire a bakin fili, da direban da aka yi shata, duk sun yi asara ba tare da an shawarce su ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai kai ga inda masu hujjar ke son kai shi ba. Maganin ma'aikacin da bai iya aiki ba shi ne ma'auni bayyananne da hukunci a kan mutum ɗaya da laifinsa. Share kowa da kowa a cike gurbi cikin gaggawa yana kawar da ƙwararru tare da ragwaye, sannan ya shigo da mutanen da ba a sami lokacin tantancewa ba. Biyan haƙƙi ba ya mayar da ɓarawo waliyyi, amma yana ba mai gaskiya damar tsayawa a kan gaskiyarsa, yana kuma ba hukuma bakin hukunta mai laifi. Hukumar da ake bi bashin kaka biyu da wace fuska za ta tuhumi alƙali da karɓar ambulan?

Ƙasashe sun bambanta a kan wannan. Dokar Amurka, tun wani hukuncin kotun ƙoli na 1938, ta yarda a maye gurbin masu yajin neman ƙarin albashi, kuma a 1981 Ronald Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000. Kanada kuwa ta yi doka a 2024 da ta hana ɗauko 'yan cike gurbi a ma'aikatun da ke ƙarƙashin tarayya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana kallon ɗaukar wasu don karya yajin aiki, a ayyukan da ba su shafi rai da lafiya ba, a matsayin tauye 'yancin ma'aikata. A Najeriya abin da gwamnatoci suka fi riƙewa shi ne sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago, wato ba aiki ba albashi. Ba a cika jin suna ambaton kishiyarsa ba, wato ba albashi ba aiki.

Daga fili zuwa aji da asibiti

Tunanin cewa kowa ana iya musanya shi bai tsaya a wasanni ba. A Mayun 2012 gwamnatin Legas ta kori likitoci 788 da ke yajin aiki ta ɗauki wasu, kafin wata ya zagayo ta mayar da su. A 2017 gwamnatin Kaduna ta Nasir El-Rufai ta sanar da sallamar malaman firamare fiye da 21,000 da suka faɗi jarrabawar gwaji, da alkawarin ɗaukar 25,000. Matsalar ingancin malamai gaskiya ce, babu mai musu. Amma a 2018 gwamnatin ta sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin da ta ɗauka, domin su ma ba su cancanta ba. A 2022, ana tsaka da yajin aikin ASUU na wata 8, gwamnatin tarayya ta yi wa wata kishiyar ƙungiya, CONUA, rajista.

Bambancin da ke tsakanin fili da aji shi ne saurin tonuwar asiri. Kuskuren alƙalin aro a Seattle miliyoyi suka gani a dare ɗaya, cikin kwana biyu aka gyara. Kuskuren malamin aro a wata firamare ta ƙauye ba ya fitowa a talabijin. Sai bayan shekara goma, lokacin da yaron ya zauna jarrabawar fita sakandare bai iya karanta tambaya ba, kuma a lokacin wanda ya yanke shawarar ya daɗe da barin kujera.

Abin da ya rataya a wuyan Mafara, Bakura da Maradun

Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba su da uzurin cewa muryarsu ba ta isa sama. Bakura ta ba Zamfara gwamnanta na farko na farar hula, Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. A ranar 30 ga Satumba, 2022, a birnin Benin, aka zaɓi Ibrahim Musa Gusau, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta Zamfara, a matsayin shugaban NFF. Yankin kuma ya san, fiye da kowa, inda danne haƙƙi ke kaiwa. Manoman da aka tasa saboda madatsar ruwa ta Bakolori sun nemi diyyarsu, aka amsa musu da bindiga a Afrilun 1980. Nauyin wannan musiba ba ya gwaduwa da rigimar ƙwallo, amma ta bar wa yankin sani guda: haƙƙin da aka ƙi biya ba ya ɓacewa, tsada kawai yake ƙarawa.

A ƙasar da aka sace ɗalibai mata a Jangebe cikin Fabrairun 2021, aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, aka kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, filin ƙwallo yana daga cikin wurare ƙalilan da matasan unguwanni da ƙabilu daban-daban ke haɗuwa su yi hamayya a ƙarƙashin doka ɗaya, su kuma rabu ba tare da makami ba. Yaron da ya ga an yanke hukunci a kan ƙungiyarsa, ya ji zafi, ya haƙura domin ya yarda da mai hukuncin, ya koyi abin da babu littafin da zai koya masa. Wanda ya ga mai kuɗin gasa yana naɗa alƙali ya sauke yadda ya so, shi ma ya koyi darasi, amma na daban.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Na farko, kada hukumar ƙwallon jiha ko ta ƙaramar hukuma ta amince da kowace gasa, ko kofin ɗan siyasa ne ko na basarake, sai an ajiye kuɗin alƙalai na dukkan wasanni a hannun majalisar alƙalai kafin a take leda. Wanda ke da kuɗin buga hotonsa a kan riguna da sayen babur na kyauta yana da kuɗin mai usur. Na biyu, kada alƙali ya karɓi ko ruwan sha daga hannun ƙungiyar da ke wasa, kuma a wasannin kusa da na ƙarshe a riƙa musayar alƙalai tsakanin garuruwan uku, na Bakura ya busa a Maradun, na Maradun a Mafara, tare da biyan kuɗin mota da la'akari da halin da hanyoyi ke ciki. Na uku, idan alƙali ya ƙi busa saboda bashi, a ɗage wasan. Ɗage wasa na kwana biyu ya fi araha a kan gasar da ta watse. Na huɗu, a buɗe horon matasan alƙalai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jihar da ke Talata Mafara, domin a sami ƙwararru masu jiran gado da aka raina a hankali, maimakon waɗanda ake tsinta a cikin taro. Na biyar, majalisar alƙalai ita ma ta yarda a riƙa auna 'ya'yanta a rubuce, a dakatar da wanda aka kama, a kuma sanar da jama'a.

A matakin ƙasa, lokaci ya yi da NFF da hukumar gasar Firimiya za su ware rukunin alƙalai su ba su kwantiragi na shekara, da inshorar lafiya da ta rai, da ranar biya da ba ta motsi. Gasar da ke neman masu zuba jari da kamfanonin talabijin ba ta da hajar da ta fi amincin sakamakonta.

Masu NFL sun yi zaton usur ƙarfe ne da kowa zai iya hurawa, sai da suka ji kunya a wasanni 48 kafin su dawo teburin da suka tashi daga kai. Suna da dalolin da za su biya kuɗin wannan kuskure. Masu shirya gasa a Mafara da Bakura da Maradun ba su da irin wannan rara, kuma abin da za su rasa ya fi kofi nauyi. Araha ba ta ado, kuma mai usur da aka biya kafin La'asar ya fi sauƙi a kan zaman sulhu bayan Magariba.